ZAUREN SANI: Dubu Ashirin a Kwali, Nawa ke Shiga Tarho?

Wata ranar Lahadi kasuwar Tawa ta cika, sai hayaniya ta tashi a layin masu sayar da kayan tarho. Wani dattijo makiyayi daga wajen Abalak ne ya zo da wani baƙin abu mai kamar sandar sabulu, ya aje shi bisa teburin wani yaro ɗan kasuwa. Abin nan shi ake kira pawa banki, wato rumbun caji da mutum ke cikawa da wuta a gari, ya tafi da shi daji yana ba tarhonsa.

Dattijo ya ce: "Yaro, ka cuce ni. Kai da bakinka ka ce dubu ashirin ce ciki, tarhona kuwa dubu biyar yake ci. Ko ban shiga lakkol ba, na san biyar huɗu ke cikin ashirin. Sau biyu da rabi ya ba ni ya mutu, ina tsakiyar daji, ga saniya ba lafiya, ga ɗana zai kira daga Libiya."

Yaro ya ce: "Baba, wallahi ban cuce ka ba. Ga kwalin, ga rubutun, a karanta maka. Yadda na saro shi haka na sayar maka."

Mutane suka taru. Wasu suka ce jabu ne, a mayar wa tsoho kuɗinsa. Wasu suka ce yaran gida ne suka shanye cajin wajen sauraren waƙa da dare. Dattijo ya ce shi ma haka ya fara zato, har ya yi wa autansa faɗa kwana biyu, yaron yana rantsuwa bai taɓa ba.

Irin wannan rigima tana faruwa ko'ina, daga Tawa har Barmu da Tabalak da Cintabaradan. Abin mamaki, sau da yawa babu ɓarawo a cikinta. Lissafin dattijo daidai ne, yaron kuma bai yi ƙarya ba. Banki mai lamba 20,000 da ya cika tarho mai 5,000 sau biyu da rabi, lafiyarsa lau. Ya ba da abin da irinsa ke bayarwa.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI KOWA

A Adar tarho ya wuce kayan ado. Da wuya a samu gidan da ba shi da ɗan bida a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Kamaru. Ta tarho ake jin lafiyarsa, ta tarho yake faɗin ya aiko kuɗin hatsi a je a karɓa. Makiyayin da ya haura arewa da damina, wajen Tasara ko Tiliya, da tarho yake tambayar inda ruwa ya sauka da yadda kasuwar bisashe take. Mai albasa da shi yake jin farashi kafin ya ɗora buhu a mota. Amma wayar NIGELEC ba ta kai kowane ƙauye ba, balle ruga ko mashekari. Inda ta kai ma, wutar takan tafi. Jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, tana taimakawa da rana, amma ba ta isa ta ɗauki jihar gaba ɗaya.

Saboda haka mutum yakan tara jikkunansa ya sayi banki, ya yi lissafin kwanakin da zai yi a daji bisa lambar da ya gani a kwali. In lissafin ya karye, kwana uku ko huɗu ke nan ba mai jin ɗuriyarsa.

KWANO BIYU, HATSI ƊAYA

Duk wanda ya taɓa kai gero kasuwa ya san tiya ba ɗaya ba ce. Akwai ƙarama, akwai babba. A ce buhu guda aka auna da ƙaramin kwano ya ba da 50, aka sake aunawa da babban kwano ya ba da 37. Ba wanda ya saci ko ƙwaya. Kwanon ne ya canza, sai ƙidaya ta canza. Wanda ya ce "ina da kwano 50" bai faɗi yawan hatsinsa ba sai ya nuna kwanon.

To, haka wutar batir take. Haruffan nan mAh da ake rubutawa bayan 20,000, ƙidayar kwanuka ce. Girman kwanon kuwa shi ne harafin V, wato bolt, ƙarfin da wuta ke turawa da shi. Masu tsohuwar rediyo sun daɗe da sanin wannan harafi, don kowace pil an rubuta mata 1.5V, kuma in an jera uku cikin tocila ƙarfin ya zama 4.5. An samo sunan daga wani masani ɗan Italiya, Volta, wanda ya ƙera batir na farko a shekarar 1800.

Cikin kowane pawa banki akwai ƙwayoyin batir na sinadarin litiyam, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Ƙwayar nan in ta cika tana kai bolt 4.2, in ta kusa ƙarewa ta sauko wajen 3, matsakaicinta 3.7. Da wannan ƙaramin kwano na 3.7 masu ƙera banki suke aunawa su rubuta 20,000 da manyan haruffa. Amma ƙofar da ake soka igiyar caji, wadda ake kira USB, tun 1996 aka yi mata ƙa'idar bolt 5, don kowace na'ura ta iya shan wuta daga gare ta. Wato hatsin yana rumbu da ƙaramin kwano, yana fita ƙofa da babba.

Ga lissafin, ɗan lakkol na iya yin sa a ƙasa da tsinke. A ninka 20,000 da 3.7, a samu 74,000. A raba da 5, a samu 14,800. Ke nan ko da babu abin da ya zube, bankin da aka rubuta wa 20,000 ba zai fitar da fiye da 14,800 ta ƙofarsa ba. Mai 10,000 kuma 7,400.

Har nan ba a yi asara ba, awo ne kawai ya canza. Asarar tana gaba.

INDA HATSIN KE ZUBA

Wuta ba ta hawa daga 3.7 zuwa 5 da kanta. Akwai ɗan allo kore cikin banki, mai ƙananan na'urori, aikinsa ɗaga ta. Wannan aiki yana da lada, kuma daga cikin cajin ake biyansa. A banki mai kyau, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ke tafiya nan. A mai arha abin ya fi haka. Mai son ya ga inda ladan ya tafi, ya ɗora hannu bisa banki yana cikin aiki, zai ji ɗumi. Ɗumin nan caji ne da ya zama zafi ya bi iska. Da an cire wannan, 14,800 ta koma tsakanin 12,500 da 13,300.

Akwai kuma ɗan abin da banki ke riƙewa da gangan. Batirin litiyam in aka tatse shi ƙarƙaf yakan lalace, don haka allon yana rufe ƙofa tun da sauran kaɗan. Kamar manomin kirki ne da ba ya share rumbu har gindi, sai ya bar iri.

Daga nan wuta ta bi igiya. Igiya doguwa siririya, ko wadda bakinta ya yi tsatsa ko ya cika da ƙura, tana shan nata rabo. Igiyoyin nan na dala hamsin masu kyan launi, wasunsu tagullar da ke ciki ba ta kai gashin wutsiyar doki kauri ba.

Ta iso tarho, sai a sake juyi. Batirin tarho shi ma ɗan litiyam ne, ƙaramin kwano yake so, wajen bolt 3.8. Dole a sauko da 5 ɗin da aka sha wahalar ɗagawa. Tarho mai kyakkyawar na'ura yakan maido wani abu daga ƙidayar da ta ragu, amma shi ma da lada. Tarho mai sauƙin ƙira kuwa ƙone rarar yake yi ta zama zafi, shi ya sa bayansa ke ɗumi in yana caji. Mai zuwa Ƙonni ya san irin wannan. Ya canza sefa zuwa naira, bai sayi kome ba, ya dawo ya canza naira zuwa sefa. Kuɗinsa ba za su cika yadda ya fita da su ba, ɗan canji ya ci sau biyu, kuma ba wanda zai kira shi ɓarawo.

In aka tara duka, kusan kashi ɗaya cikin uku ba ya isa batirin tarho. Saboda haka ga lissafin da ya kamata mai saye ya riƙe: a raba lambar kwali gida uku, a jefar da kashi ɗaya, a raba sauran da lambar batirin tarho. Banki mai 20,000 ya zama wajen 13,000. Tarho mai 5,000, irin yawancin Tecno da Itel da Infinix manya da ke hannun mutane, zai cika sau biyu da rabi, in an yi dace ya doshi uku. Banki mai 10,000 zai cika shi sau ɗaya da ɗan ƙari, ba ya kai biyu. Ƙaramin tarho mai maɓallai, wanda batirinsa ke wajen 1,000, mai 10,000 zai cika shi kamar sau shida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, abin da ya rage shi ne ya san yawan zubar tun kafin ya bar gari.

Masu ƙera kaya na gaskiya ba su ɓoye wannan ba, sun dai rubuta shi inda ido ba ya zuwa. A juya banki a dubi bayansa ko gindinsa. Cikin ƙananan haruffan nan sau da yawa akwai lamba ta biyu, kusa da 5V, misali 12,000mAh ko 13,000mAh. Ita ce abin da ke fita ƙofa. Bankin da ya rubuta wannan lamba ta biyu ya fi cancantar a yarda da shi bisa wanda ya cika kwali da hoton walƙiya bai rubuta ba. A gaskiya da ita ya kamata a yi manyan haruffa. Amma mai talla ya san 20,000 ta fi 13,000 daɗin ji, kuma duk kamfanin da ya fara rubuta ƙaramar lamba a gaba, na maƙwabcinsa za a saya.

MA'AUNIN DA BA YA CANZAWA

Mai hatsi in ya gaji da gardamar kwano sai ya ce a kawo sikeli. Kilo kilo ne, ko a Kalfu ko a Yamai. Wuta ma tana da sikelinta, ana rubuta shi Wh. Ana samun sa in an ninka mAh da bolt aka raba da dubu. Banki mai 20,000 yana da 74Wh, mai 10,000 yana da 37Wh, batirin tarho mai 5,000 yana da wajen 19Wh.

Ɗan kabu-kabu zai fi kowa gane amfanin wannan. Batirin moto mai 12V da 7Ah, in aka ƙidaya shi da mAh, 7,000 ne kacal. Wanda ke kallon wannan lamba kaɗai zai ce banki mai 20,000 ya ninka shi kusan sau uku. Amma a ɗora su bisa sikeli: 12 sau 7 ya ba da 84Wh, bankin kuwa 74. Na moto ya fi shi, don kwanonsa babba ne.

Ma'aikatan jirgin sama ma da Wh suke aiki. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce banki kada ya wuce 100Wh, wato wajen 27,000mAh, sai da izinin kamfanin jirgi, kuma a riƙe shi cikin jakar hannu, kada a sa shi cikin kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa. Maniyyata da ƴan kasuwa masu tafiya su kula da wannan. Wanda rubutun bayansa ya goge ma ana iya karɓe shi a filin jirgi.

ZAFIN ADAR DA TSUFA

Lissafin da ya gabata na sabon banki ne cikin inuwa. Ƙasar Adar kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 ko a inuwa. Batirin litiyam ba ya son haka. Masu ƙera shi sun ce kada a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Bankin da aka bari gaban gilashin motar kasuwa, ko ƙarƙashin sirdin moto, ko cikin rumfar kwano da tsakar rana, ya wuce wannan iyaka nesa. Ba ya mutuwa ranar, amma kowane irin wannan wuni yana rage masa ciki, kuma abin da ya ragu ba ya dawowa. Ya fi kyau a naɗe shi cikin tsumma a sa shi tsakiyar kaya, a yi caji da dare ko da sassafe. Sanyin hunturu na Azawak shi ma yakan sa banki ya yi kasala da asuba, sai dai wannan na ɗan lokaci ne, da ya ji ɗumi ya dawo daidai.

Ko ba zafi, tsufa na nan. Bayan an cika an juye sau 300 zuwa 500, ƙwaya takan koma wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta. Mai yin caji kullum, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ke nan. Wanda ya daɗe a kanti bai samu mai saye ba shi ma yana tsufa cikin kwalinsa. Haka nan wanda ɗan bida ya yi shekara biyu yana aiki da shi a Tamanrasat kafin ya kawo wa mahaifinsa tsaraba. Kyauta ce, a gode, amma kada a yi lissafin tafiya da lambar da ke jikinsa.

Fitilun nan huɗu da ke gefe ma kada a dogara gare su sosai. Kintace suke yi. Sau da yawa biyun farko suna daɗewa, biyun ƙarshe su mutu kusan tare.

Wani ɓarawon cajin kuma ba ya cikin banki sam. Tarho in yana inda rezo ke da rauni, ƙara ƙarfi yake yi yana neman eriya, kamar mai kiran raƙuminsa da ya yi nisa. A haka yana cin wuta ko ba a taɓa shi ba. Makiyayin da ke kwarin da babu rezo, ya bar tarho kunne yini da kwana, yana zubar da cajinsa a banza. Ya kashe shi, in ya hau tudun da aka san ana samu ya kunna. Iyali su yanke lokacin kira, misali bayan magariba ran Juma'a da ran Litinin. Kuma in ana caji daga banki a kashe tarhon, ko a bar shi ya huta. Mai kallon bidiyo yana caji, yana zuba ruwa ne cikin tulu ana kwarfewa.

JABU MA YANA NAN

Duk wannan bayani bai wanke kowane banki ba. Akwai na ƙarya, kuma suna da yawa. Abin da ake so shi ne mutum ya iya raba wanda ya ba shi kashi biyu cikin uku, wato haƙƙinsa, da wanda ya ba shi kashi ɗaya cikin biyar.

Shaida ta farko nauyi. Ƙwayar da aka fi sawa, mai kamar pil doguwa, ana kiranta 18650 don kaurinta milimita 18 ne, tsawonta 65. Ta kirki ba ta cika wuce 3,500mAh ba, nauyinta kuwa giram 45 zuwa 50. Kafin a tara 20,000 sai an jera shida. Akwai kuma ƙwaya shimfiɗaɗɗiya mai kamar fakitin biskit, ita ma nauyin kusan ɗaya ne. Don haka banki mai 20,000 na gaskiya yakan kai giram 350 zuwa 450, ya ɗan gaza ruwan leda mai rabin lita. Mai 10,000 wajen rabin haka. Mai 50,000 na gaskiya ya doshi kilo guda, ba ya shiga aljihun riga. In an ga ɗan abu shafal an rubuta masa 50,000 ko 100,000, ba sai an tambayi kowa ba.

Amma masu algus sun san mutane na jinjinawa. Masu gyara sun sha buɗe banki su tarar da ƙwaya ɗaya ko biyu masu aiki, sauran an cika su da yashi. Saboda haka ga shaida ta biyu, wadda yashi ba ya iya ruɗawa: lokacin cika. Kan caji na yau da kullum, mai rubutun 5V da 2A, wat 10 yake bayarwa. Kafin ya zuba 74Wh sai ya yi awa takwas zuwa goma. Mai 10,000 kuma awa huɗu zuwa biyar. In an juye banki ƙarƙaf, aka sa shi a irin wannan kan caji, fitilunsa huɗu suka tsaya cikin awa ɗaya da rabi alhali an rubuta masa 20,000, cikinsa ƙarami ne. Randar da ta cika da guga biyu ba ta ɗaukar guga goma. Akwai kawunan caji masu sauri da ke rage wannan lokaci, don haka a dubi rubutun kan cajin kafin a yanke hukunci.

Wasu masu gyaran tarho suna da ɗan ma'auni mai kamar kan yatsa, ana soka shi tsakanin banki da igiya, yana ƙidaya abin da ya wuce. Wanda zai sayi banki mai tsada, ko ƙungiyar da za ta saya wa mambobinta da yawa, ladan awon ba asara ba ne. Lambar da zai nuna a gwada ta da ta kusa da 5V, kada a gwada ta da ta gaban kwali.

Jabu hasararsa ba ta tsaya ga kuɗi ba. Ƙwaya maras kyau tana iya kumbura, tana iya kama wuta. A 2025 manyan kamfanoni sun janye bankuna fiye da miliyan ɗaya daga hannun jama'a saboda wannan haɗari, kuma daga ranar 28 ga Yuni na shekarar hukumar jiragen saman ƙasar Sin ta hana shiga jiragen cikin gida da bankin da ba shi da tambarin CCC. Kayan da aka ƙi a wata kasuwa yakan nemi kasuwar da ba a bincike. Bankin da ya kumbura, ko yake zafin da hannu ba ya iya riƙewa, a daina aiki da shi nan take. Kada a huda shi, kada a jefa shi murhu, kada a kwana da shi ƙarƙashin matashi, kada a aje shi cikin bukkar kara ko kusa da rumbu.

MAI ƊAN FAIFAN RANA A BAYA

Akwai wani iri da ke jan hankalin mutanen daji ƙwarai, wanda aka manna wa ɗan faifan hasken rana a bayansa. Mai talla yakan ce da wannan an rabu da biyan kuɗin caji har abada. Faifan da bai fi tafin hannu ba, in ya yi ƙoƙari wat ɗaya yake bayarwa da tsakar rana. Kafin ya cika 74Wh sai ya yi fiye da awa 70 cikin rana tsantsa, wato sama da kwana goma. Kuma duk tsawon lokacin nan ƙwayoyin suna gasuwa a rana, abin da suka fi ƙi. Wanda ke son wutar rana ya sayi faifai dabam mai wat 10 ko 20, ya shimfiɗa shi a rana, ya ja igiya, banki yana inuwa. Irin wannan yana iya cika mai 10,000 cikin yini guda in sama ta yi garau, a riƙa share masa ƙura.

Masu sayarwa su ma da nasu aikin. Yaron da ke cewa "sau huɗu" don ya ga 20,000 ya raba da 5,000 bai yi niyyar cuta ba, amma shi za a dawo wa, kuma sunansa ne zai ɓaci a ƙauye guda. Da ya ce "sau biyu da rabi, Baba, in ka kashe tarho ya doshi uku", da ciniki ya faɗa kuma ba a dawo ba. Mai rumfar caji da ke karɓar dala goma ko ashirin ga tarho, ya ce banki sai an ninka, shi ma yana da gaskiya, don mai 20,000 yana shan wutar tarho huɗu ko fiye, kuma yana tare masa ƙofa yini guda.

A kasuwar Tawa ranar nan, wani mai gyara da ke tebur na kusa ne ya raba gardamar. Ya karɓi bankin ya jinjina, ya juya bayansa, ya goge ƙura da bakin riga, ya nuna wa wani ɗan lakkol ƙananan haruffan ya ce ya karanta da ƙarfi. Yaro ya karanta: 12,500mAh, 5V. Mai gyara ya ce: "Baba, raba wannan da dubu biyar." Dattijo ya lanƙwasa yatsu, ya yi shiru, ya ce biyu da rabi. Ya tambaya me ya hana a rubuta haka a gaba tun farko, ba wanda ya ba shi amsa. Bai karɓi kuɗinsa ba. Ya ƙara jikkuna ya sayi ƙaramin tarho mai maɓallai don tafiyar damina, da gajeriyar igiya mai kauri, ya kuma ce a ƙulla masa alawa ta dala ashirin ya kai wa autansa.